Takardar Da Ke Cikin Hulata

Daren jiya wani mafarki ya same ni, kuma kafin in ba da shi sai na faɗi abin da na kwanta da shi a raina. Sunana Tanimu. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina riƙe da ɗakin ajiyar takardu na wata cibiyar binciken aikin gona, kuma a duk tsawon shekarun nan ko bangon fayil bai taɓa ɓata a hannuna ba. Wannan makon aka turo mana wani Malam Gambo daga hedikwata, ya yi mana bitar kwana uku a kan tsaron bayanan bincike da wasiƙun gwamnati. Yau ce ranar jarrabawa, kuma an gaya mana ƙarara cewa duk wanda ya faɗi za a karɓe katin shigarsa, a mai da shi sashen da babu sirri a cikinsa. Doka ta farko da Malam Gambo ya rubuta a allo ita ce kada kowa ya rubuta kalmar sirrinsa ta kwamfuta a ko'ina. Tawa kuwa tana rubuce a 'yar takarda, a naɗe cikin hulata, wajen kunnen dama.

Ba sakaci ba ne. Kusan shekara guda ke nan mantuwa take yi mini ɗauki ɗaiɗai. Yau sunan maƙwabci, gobe inda na jingine babur, ran nan kuma na zauna gaban kwamfuta da yatsu a sama, haruffa goma sha biyun nan na kalmar sirrin suka ce ba su san ni ba. Ban gaya wa kowa ba, har matata Tasalla. Tsoro nake ji, in faɗi gaskiya, kuma kunyar ta fi tsoron yawa. Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a kan hanyar ofis da hantsi, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tashi, ya bi ta ƙafar wando, ya wuce sama ya taru a gajimare. Kowa ya juya lemarsa ƙasa yana kare takalmansa, masu tallan rogo kuma sun kifa farantansu suna tafiya a hankali. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne ruwan da ke hawa sama yana iya tafiya da hular mutum, don haka na dafe tawa da hannu ɗaya, na riƙe kan babur da ɗayan.

Ƙofar cibiyar tana nan inda na san ta, da kwaɗonta da sarƙarta, sai dai katangar ta tafi hutu. Fili ne fetal hagu da dama, amma kowa ya bi layi a bakin ƙofa, don a garin nan ba tarbiyya ba ce mutum ya shiga ko ya fita ta inda babu ƙofa. Maigadin wani tsohon rago ne mai ƙaho ɗaya. Ya karɓi katina ya duba, hoton ƙeyata ne a jiki, ya ce in juya. Na juya. Ya daɗe yana gwada ƙeyar da hoton, sannan ya ce ni ne, amma hular kaina ta fi ta hoton nauyi. Na ce masa ruwa ta sha. Ya ce Allah ya sauwaƙe, ya buɗe mini.

Ina taka ƙofar na samu kaina zaune a ɗakin bita. Mai koyarwar bunsuru ne, amma na gane Malam Gambo ne saboda tabaransa da yadda yake cewa “to, jama'a” kafin kowace magana. Ya bayyana mana cewa gwamnati ta miƙa ofisoshinta ga awaki ne saboda su kaɗai ne ma'aikatan da takarda ba ta taɓa fita daga hannunsu ba. Don ya nuna mana, ya ɗauki wata wasiƙa, ya karanta ta sau ɗaya, ya cinye ta har da ambulan. Ya ce hatimin ne kawai yake ɗan tsaya masa a wuya.

Daga nan ya bi darussan da ya yi mana a farke. In an aiko maka saƙo wai ka ci wata gasa, ka fara tambayar kanka yaushe ka shiga. Kada ka bar kwamfuta a buɗe ka tafi shan shayi. Kada ka yi hirar aiki a motar haya, don kujerar baya tana da kunne, kuma a mafarkin ya shigo da kujerar muka ga kunnen da idonmu, har da gashi. Sannan in wani abu ya lalace, ka faɗa nan take, kada ka jira ya gyara kansa. Wannan ta ƙarshen sau uku ya maimaita ta, ni kuma sau ukun ina kallon taga.

“To, jama'a,” in ji shi, “a buɗe kawuna.”

Mata aka ware musu layinsu bayan labule. Maza kuwa kowa ya cire hula, ya ɗaga saman kansa kamar murfin tukunya, ya jira. Bunsurun yana bi yana leƙawa. A cikin kowane kai kalmar sirri tana kwance a naɗe tana barcinta, sai ya gyaɗa kai ya wuce. Da ya iso kaina na dafe hula da hannu biyu na ce mura nake yi. Ya ce mura ba ta zama a hula. Na ce tawa a nan take zama, haka muka gada. Ya daɗe yana dubana ta saman tabarau, ba da fushi ba, da wani irin kallo da ya sa na tsani kaina. Ya rubuta wani abu a takarda, ya cinye, ya ce akwai sauran lokaci kafin azahar.

Sai ga ni a ɗakina na ajiya. Ina son ɗakin nan, ba zan ɓoye ba. Na san ƙamshinsa, na san kantar da ke kuka in an ja ta, na san fayil ɗin da yake son a ajiye shi a tsaye da wanda bai damu ba. A kan bencin bakin ƙofa wasiƙun ma'aikatar gona suna zaune a jere, ƙafafunsu na lilo, bakin kowace a liƙe da jan hatimi. Suka gaishe ni da kai. Akwai wata siririya da take jiran Darakta tun ranar Talata, ko sunanta ta ƙi gaya mini, kuma na ji daɗin tarbiyyarta.

A tsakiyar ɗakin Dakta Saudatu tana tsaye tana gyara zaman wasu tukwanen ƙasa guda goma sha ɗaya. Dakta Saudatu ita ce mai binciken gero a cibiyarmu. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana neman irin da wuta-wuta ba za ta shanye ba, wato ciyawar nan mai jan fure da ke maƙale wa gero a saiwa har gona ta tashi a banza. Ta samu irin, amma ba a yi masa rajista ba tukuna. In bayanan suka fita kafin rajista, wani mai wayo yana iya sa masa sabon suna ya ce nasa ne, manoman da aka yi dominsu kuma su koma kallonsa daga nesa. A farke, duk wannan yana cikin kwamfutar da ke kan teburina. A mafarkin yana cikin tukwanen, kowace tukunya shekara guda.

Na san ta tun ranar da ta fara aiki, da jakarta da ta fi ta girma. Ni na koya mata yadda ake sa wa fayil lamba. Shekarar da rufi ya yi yoyo, ni na kwashe littattafanta na farko a ka na hau da su bene, sawu bakwai. Tun daga nan take ce mini Baba.

“Baba Tanimu,” in ji ta, “kwana biyun nan shirunka ya yi yawa. Lafiya dai ko?”

“Lafiya lau,” na ce.

“To madalla. Ai tunda kai ne a bakin ƙofar nan, ni ko kwaɗon ba na dubawa.”

Ta buɗe kabad ta shiga, ta ja ƙofar a bayanta, ta tafi gona. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna na dafe hulata, ina jin 'yar takardar tana motsi a kan kunnena.

Sai aka yi sallama. Mai sallamar tun daga ƙarshen baranda ya tuɓe takalmansa, don haka ya ɗauki lokaci kafin ya iso. Farar babbar riga ce a jikinsa, guga har tana ƙara. Ba shi da fuska, amma akwai murmushi a rataye a inda fuskar ya kamata ta kasance, kuma murmushin mai kyau ne. Ya durƙusa har ƙasa. Ya ambaci sunan mahaifina ya yi masa addu'a, ya ambaci unguwar da aka haife ni, ya ce ya ci tuwon sunan 'yata ta fari kuma har yau bai manta daɗin miyar ba. Malam Gambo ya gargaɗe mu a kan irin waɗannan mutane, masu zuwa da sanayya su tafi da sirri. Abin da bai gaya mana ba shi ne yadda ake korar mutumin da ya durƙusa ya gaishe ka kuma ya yi wa mahaifinka addu'a. Na ba shi kujerata, na kawo masa ruwa.

“Ina gajiya?” in ji shi.

“Ba gajiya.”

“Yaya iyali?”

“Lafiya lau.”

“Yaya gwiwar nan taka da ke tashi da damina?”

“Da sauƙi.”

“Madalla. Yaya kalmar sirri?”

Na buɗe baki, don harshen da ya saba amsa gaisuwa ba ya tsayawa neman shawara. Allah ne shaida, da tana cikin kaina da ta fito. Amma na lalubi ciki na ji wayam, sai iska. Karo na farko ke nan da mantuwa ta yi mini rana. Baƙon bai nuna ɓacin rai ba. Ya ce ba komai, ba sauri yake ba, ai an kusa kiran azahar. Murmushin nan ya juya a hankali ya tsaya saitin kunnena na dama.

Sai ga mu a bakin famfon bayan masallacin ofis. Akwai wata gajeriyar katanga a wurin, wadda kowa yake ɗora hularsa da agogonsa in zai yi alwala. Shekara ashirin da bakwai wuri ɗaya nake ajiye tawa, kusa da wata tsaga. Yau hulunan suna jere suna hira. Wata ta ce ɓarin goro ne a cikinta tun shekaranjiya. Wata ta ce takardar magani take ɗauke da ita, maigidanta yana ɓoye wa abokansa hawan jini. Wata kuma ta karanto jerin cefanen da aka rubuta wa nata maigidan, har da daddawa, sauran suka yi dariya. Ashe haka suke yi kullum, mu muna sunkuye muna wanke ƙafa. Baƙon ya hau katangar ya zauna a gefen tsagar nan yana kaɗa ƙafa, ya bar mini wurina.

Na yi tunanin in maƙale hular a hammata. Amma tunda nake ban taɓa ganin babban mutum ya yi alwala da hula a hammata ba, kuma in na yi sai an tambaye ni dalili, tambayar kuwa ita nake gudu. Saboda haka na cire ta, tsohuwar kube ce ruwan ƙasa mai riƙon amana, na ajiye ta a wurinta, na ɗora mata dutse. Na manta cewa a garin nan babu abin da ya kai dutse rashin nauyi.

Ina sunkuye ruwan sama ya sake tasowa daga ƙasa. Dutsen ya fara tashi, hular ta bi shi. Na miƙe da hannaye a jiƙe ina kallo. Tana kaiwa saitin rufin masallaci takardar ta zame daga cikinta, ta warware, ta yi ta faɗi har ta rufe sararin sama kamar rumfar biki. Haruffa goma sha biyun suka fito ɓaro-ɓaro, manya da ƙanana da lambobi, har da alamar nan mai kama da dodon koɗi. Duk gari aka fito ana karantawa. Masu faci suka karanta, masu awo suka karanta, waɗanda ba su iya boko ba aka karanta musu, wani mai shela kuma ya bi unguwa-unguwa da ita don kada a bar kowa a baya. Baƙon ya sauko daga katanga ya yi wa jama'a godiya, mutum ɗaya-ɗaya.

Na ruga ɗakina. Ƙofar ta riga ta buɗe kanta. Tukwanen suna ɗaga murafunsu ɗaya bayan ɗaya, ƙwayoyin gero suna fitowa a layi, suna bin diddigin baƙon zuwa bakin ƙofar cibiya. A kan benci kuma hatimin bakin wasiƙu ya narke, duk suka kama magana lokaci guda, kowace tana zazzage abin da ke cikinta. Siririyar nan ta ranar Talata tana faɗa tana kuka, don ba da son ranta ba ne. Dakta Saudatu tana tsaye a tsakiya rungume da tukunyar shekarar farko, wadda ta riga ta zama fanko. Ba ta ɗaga murya ba.

“Baba Tanimu,” in ji ta, “tun yaushe?”

Na buɗe baki in gaya mata. Abin da ya fito shi ne, “Lafiya lau.”

Sai ga ni a zauren jarrabawa, wanda yake saman wata tsamiya, da tebur da kujeru biyu a kan reshe. Bunsurun yana zaune yana goge tabaransa da gemu. Daga nan ina hango komai. Layin gero ya miƙe tun daga ɗakina har bakin ƙofa, baƙon yana gaba. Fili a buɗe yake ko'ina, amma shi ma mutum ne mai tarbiyya, ba zai fita ta inda babu ƙofa ba, don haka ya tsaya wa maigadi. Tsohon ragon ya karɓi katinsa ya ce ya juya, ya juya, ya ce ya sake juyawa, don ya kasa gane ina ne gaban ina ne ƙeyar. Bunsurun ya ce wannan zai ɗan ba mu lokaci, amma ba mai yawa ba.

Ya ce jarrabawar tambaya ɗaya ce. Ya ce kalmar sirri ba komai ba ce, in an kawo rahoto ana canza ta kafin ruwan shayi ya tafasa, sai wadda ke sama ta zama tarkace. Amma shi ba ya iya rubuta rahoton da ba a faɗa masa da baki ba, ko da kuwa abin a kan idonsa ya faru. Ya ɗauki biro.

“To, Malam Tanimu. Me ya faru?”

“Lafiya lau,” in ji bakina.

Ya ajiye biron ya yi ajiyar zuciya. Ya ce tunda aka turo shi ƙasar nan wannan ce matsalarsa. Ya taɓa samun wani akawu ofishinsa yana ci da wuta, gefen rigarsa ma ya kama, ya tambaye shi yaya aiki, ya ce sai godiya. Ya ce duk kwaɗon da gwamnati ta sayo, wannan amsar tana buɗe shi. Ya sake ɗaukar biron ya sake tambayata. Na tattara ƙarfina gaba ɗaya, na ce masa ba komai, da sauƙi.

Na zauna ina gumi, gumin yana hawa sama ta cikin ganyen tsamiya. Na san abin da ke riƙe da harshena. In na faɗa, an karɓe katin, an raba ni da ɗakin da na tsufa a cikinsa. Za a zaunar da ni a wani lungu ina buga hatimi a takardun neman hutu, masu wucewa suna gaishe ni da ƙarfi kamar kurma. A gida kuma in zama tsohon da ake tuna wa ko ya ci abinci. In ban faɗa ba, shekara goma sha ɗayan yarinyar nan za su fita ta ƙofa a layi, saboda ina jin kunya. Da na jera su haka a raina na ga babu wani abin tunani a ciki, na ji haushin kaina ƙwarai. Amma harshen bai motsa ba.

Na leƙa ƙasa. Ragon ya gaji, ya fara laluben makulli. Ƙwayar geron farko ta kai gindin kofatonsa.

Sai na sa yatsu biyu a baki na laluba, na ji abin a ƙarƙashin harshe, na zaro shi. Lafiya lau ɗin ce, ƙarama mai tauri, ta yi sumul saboda shekaru, kamar ƙwallon dabino da aka daɗe ana tsotsa. Na ajiye ta a kan tebur. Bunsurun ya sunsuna ta ya kau da kai, ya ce wannan kam ko shi ba ya ci.

“Mantuwa nake yi,” na ce. “Kusan shekara guda. Na rubuta kalmar a takarda na sa a hula, kuma kullum ina ajiye hular a bakin famfo. Babu wanda ya sa ni. Ni ne.”

Ya rubuta duka, a hankali, kuma wannan karon bai ci takardar ba. Ya buga mata hatimi. Nan take haruffan da ke sama suka kakkarye suka bi ruwa suka shige gajimare. Katangar cibiyar ta dawo daga hutu da jakarta a hannu, ta ba da haƙurin jinkiri, ta tsaya a wurinta. Layin gero ya tsaya cak, ya yi kamar yana tunani, sannan ya juya ya nufi gida. Wasiƙu suka yi shiru. Ragon ya kama baƙon a gefen riga ya fitar da shi, shi kuma yana tafe yana tambayar ragon iyali da gajiya.

Na ciro katina daga aljihu na ajiye a gaban bunsurun, na tambaye shi ko na faɗi. Ya ce sakamako ba a hannunsa yake ba, masu ido biyu ake ba wa. Ya tura mini katin da kofato, bai ce in ɗauka ba, bai ce in bari ba.

A reshen da ke kusa da mu Dakta Saudatu tana zaune da ludayi tana mai da geron cikin tukwane, shekara bayan shekara. Na kasa haɗa ido da ita. Ita ma ba ta ɗago ba, aikinta kawai take yi.

“Baba Tanimu,” in ji ta, “shekara goma sha ɗaya kana ɗauke mini da kaya. Da ka ce ya yi nauyi, ai da na kama maka gefe ɗaya.”

A nan na yi kuka, ba zan yi ƙarya ba, kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar mahaifiyata. Hawayen suka bi ta goshi suka wuce sama. Bunsurun ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce tunda an buɗe kan, ƙa'ida ce a wanke shi kafin a rufe. Ya jawo bokiti da sabulu, ya ɗauki buroshi, ya kama goge mini tsakar kai, shar, shar, shar.

Na buɗe ido. Gari ya soma haske, kuma ƙarar buroshin ba ta tsaya ba, daga tsakar gida take zuwa. Na kai hannu ga ƙusar da nake rataye hula na ji bango kawai. Na fita ko takalmi ban tsaya sawa ba.

Tasalla tana tsugune gaban bokiti, kuben nan tawa a hannunta cikin kumfa, tana dirza ta. Na tsaya a kanta na daidaita muryata, na tambaye ta kamar da wasa ko ba ta ga komai a ciki ba.

“Tana cikin shuɗiyar, kan rediyo,” in ji ta, ba ta ko ɗago ba. “Wajen kunnen dama, inda kake sa ta. Ai ba za ka je jarrabawa da hula mai dauɗa ba.”

Na koma ɗaki na ɗauko shuɗiyar hular, na zaro takardar, na fito da ita haske na warware. Haruffan suna nan cif, goma sha biyu, har da dodon koɗin. Amma ba rubutuna ba ne. Nata ne, ƙananan haruffan nan masu jingina da juna da take rubuta mini cefane da su. Ban san tsawon lokacin da na yi ina buɗe takardar nan kowace safiya ban lura ba.

Ta ce gumi yana cinye tawadar, wannan ne karo na uku da ta sake rubuta mini. Ta matse hular, ta kifa ta a kan turmi ta sha iska.

“Na ga ba ka so a sani,” in ji ta, “shi ya sa ban ce komai ba.”

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni, ta gaishe ni kamar yadda take yi kowace safiya shekara talatin, ta ce, “Malam, an tashi lafiya?”

Amsar da na saba tana nan a ƙarƙashin harshena, sumul. Na bar ta a wurin. Na ce mata a'a, ban tashi lafiya ba, kuma ta taimaka ta ɗauko mini wayata in kira Dakta Saudatu tun ban manta abin da zan gaya mata ba.

Ta goge hannunta a gefen zani, ta ce wayar tana hannuna.